Ruwan Debunca da hadarin gabas: wai dutse ne ke jan ruwa?

Ɗan Duwala:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya ana ta kukan ƙarancin ruwa a nan, har wani ya ce ai ko'ina haka ne. To ba ko'ina ba. Akwai wani ƙauye a nan Kamaru, sunansa Debunca, yana gindin Dutsen Kamaru ta bakin teku, kan hanyar Limbe zuwa Idenawu. Ruwan da ke sauka a wurin a shekara yana kai milimita 10,000, har ya ɗan haura. Mita goma ke nan. Da a ce ƙasa ba ta sha, rana ba ta busarwa, kuma ba ya gudu ko'ina, da ya shanye bene mai hawa uku. Abin da ya ɗaure min kai shi ne garin Buya a jikin wannan dutsen yake, ta ɗaya gefen, amma ko rabin wannan ruwa ba ya samu. Mu a kasuwa cewa muke dutsen ne ke jan hadari. Masu ilimin abin, a fitar da mu duhu.

Sarkin Musu:
Wa'alaikumus salam. Alhaji, ko dai sifili ɗaya ya yi maka tsalle? Kano daminarta kaf a shekara matsakaiciya ba ta kai milimita 1,000 ba, kuma muna ganin yadda gidajen ƙasa ke zubewa a watan Agusta. Ninki goma fa ka ce. To a kwale-kwale suke kwana?

Ɗan Duwala:
Gani ya kori ji, ƙanena. Ka zo in kai ka. Gonakin kwakwar manja ne a wurin, ƙasar baƙa ce ta aman wuta, ga gangare, ruwa na sauka yana wucewa teku. Amma ka shanya riga a watan Yuli ka gani, sai ta yi warin ruma ba ta bushe ba. Kwanon rufi kuwa tsatsa ke cinye shi tun bai tsufa ba.

Malam Mai Taswira:
Lissafin Alhaji daidai ne, Debunca na cikin wurare ƙalilan da suka fi ko'ina ruwa a duniya. A tsallaken tekun ma, a kudancin tsibirin Biyoko, akwai ƙauyen Ureka da ke samun kwatankwacin haka. Inda zan ɗan gyara shi ne maganar ja. Dutse ba ya jan komai, tare hanya yake yi.

Iskar damina daga kudu maso yamma take tasowa, ta ratso Tekun Atilantika mai ɗumi, ta kwaso tururi iya cikinta. Tana isowa gaɓa sai ta tarar da dutse ya miƙe tun daga bakin ruwa har sama da mita 4,000. Ta baya ana turo ta, ta gaba an tare, sai hawa. Iska kuwa in ta hau, nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe, in ta buɗe sai ta yi sanyi. Kafin gajimare ya haɗu tana rasa kusan digiri 10 a kowace mita 1,000. Bayan ya haɗu sai ya koma digiri 5 zuwa 6, domin tururi in yana komawa ruwa yana sakin ɗumi.

To ga inda gizo ke saƙar. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe tururi kusan giram 30 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. In ta huce zuwa digiri 10, abin da za ta iya riƙewa wajen giram 9 ne kawai. Ragowar dole ya fita, ya zama ɗigo, ya zama gajimare, ya zubo. Kuma da yake iskar ba ta daina zuwa wata da watanni, ruwan ma ba ya dainawa. In ta tsallaka ɗaya gefen ta fara gangarowa, sai al'amarin ya juya: tana matsewa, tana ɗumi, gajimaren na narkewa. Wanda ke zaune a bayan dutse saura yake samu.

Sarkin Musu:
Allah ya gafarta Malam, in haka ne ai ƙolin dutsen ya kamata ya fi ko'ina ruwa, tunda can ne ƙarshen sanyi. Me ya sa sai gindi?

Malam Mai Taswira:
Saboda mafi yawan tururin a ƙasa-ƙasa yake, cikin mita 1,000 zuwa 2,000 na farko. Iskar na fara hawa take fara zubarwa, har ma tun tana kan teku, don wadda ke gaba ta riga ta cunkushe tana ɗaga ta baya. Kafin ta kai ƙoli ta kusa tatsewa. A dogayen duwatsun ƙasashe masu zafi haka abin yake: ruwa ya fi yawa daga gindi zuwa ƙugu, daga nan ya yi ta raguwa. Kilimanjaro na Tanzaniya ya kusa mita 5,900, ƙugunsa ta kudu kurmi ne da gonakin ayaba da kofi, amma samansa tsakuwa ce da ƙura, kusan hamada.

Ɗan Duwala:
Wannan gaskiya ne. Masu tseren hawan dutsen da ake yi daga Buya duk shekara, kurmi suke fara ratsawa, sai su ɓullo fili mai ciyawa, daga nan sai baƙin dutse da sanyi mai shiga ƙashi. Kuma dutsen da ransa fa, a 1999 ya yi aman wuta har narkakken dutse ya gangaro ya datse waccan hanya ta Idenawu a wajen Bakingili.

Ɗan Nima:
Salamu alaikum. Ni a Akra nake, in na hau soro ina hango teku. Amma ruwanmu a shekara wajen milimita 800 ne, kusan ɗaya da na Kano. Kullum ana ce mana kusa da teku ruwa ya fi yawa. Ina namu ya tafi?

Malam Mai Taswira:
Ɗan'uwa, ku ne shaidar cewa teku kaɗai ba ta isa ba. Ku duba taswira: gaɓar Akra ta kwanta ne kusan daidai da hanyar iskar, sai iskar ta bi gefenta ta wuce, ba ta yi karo da komai ba. Ga shi kuma daga Yuli zuwa Satumba ruwan tekun wajenku yana yin sanyi, iskar da ke kansa ta yi nauyi, ba ta son tashi. Ka je Aksim a yammacin Gana, inda gaɓar ta fuskanci iskar, ruwa ya kai milimita 2,000. Ko nan kusa da kai, ka hau Aburi ka ga bambancin kore.

Ɗalibar Pune:
Ina wuni iyayena da yayyena. Ni karatu ya kawo ni Indiya, kuma a bayan dutse nake zaune, irin wanda Malam ya faɗa. Akwai jerin tsaunuka da suka bi gaɓar yammacin ƙasar daga arewa zuwa kudu. Mahabaleshwar da ke samansu tana samun sama da milimita 5,000, mu a Pune wajen 700, alhali tafiyar 'yan awanni ce a mota. A watan Yuli in ka hau can, direba fitila yake kunnawa da rana tsaka saboda hazo, ruwa na tsiyaya daga kowane tsagin dutse. Ka gangaro wajenmu sai yayyafi, ka ƙara gaba gabas kuma sai ka shiga yankin da fari ke addabar manoma.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki yana arewa maso gabas, jihar Megalaya. Garuruwa biyu ne maƙwabta, Mausinram da Cerafunji, kowanne na samun sama da milimita 11,000. Cerafunji ta taɓa samun 26,461 daga Agustan 1860 zuwa Yulin 1861, har yau ba a karya wannan ba. Kuma tsayinsu wajen mita 1,400 ne kawai, bai fi na Jos da wani abin kirki ba.

Sarkin Musu:
Yauwa ƙanwata, kin kawo min makami. Malam, tudun da bai kai rabin Dutsen Kamaru ba ya fi shi ruwa. Ina bayanin naka ya kwana?

Malam Mai Taswira:
Yana nan daram, ai ban ce tsawo ne komai ba. Abu uku ake dubawa: yawan tururin da iskar ta ɗauko, ƙarfin da take zuwa da shi, da yadda dutsen ya fuskance ta. Iskar Megalaya daga Tekun Bengal take, ta bi ta kan Bangaladash, ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda a damina rabinta ruwa ne kwance, ba abin da ya tare ta ɗaruruwan kilomita. Kwatsam sai ga tsaunukan Kasi sun tashi tsaye. Kuma a jikinsu akwai kwaruruka masu faɗin baki da ke tsukewa ciki, suna tattara iskar wuri guda su cilla ta sama. Shilon, babban birnin jihar, yana can baya kaɗan ta arewa, ya ma fi su tsayi, amma ruwansa bai kai kashi ɗaya cikin uku na nasu ba.

In kuma guguwar teku ta haɗu da dutse, sai abin ya wuce misali. A tsibirin Riyuniyon da ke Tekun Indiya, a watan Janairun 1966, an auna milimita 1,825 cikin awa 24 a wani wuri da ake kira Fok-Fok. Daminar Kano biyu a yini da kwana guda.

Baba na Toro:
Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta min, na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Malam, ni ban yi boko ba, amma tun ina yaro nake noma. Ka ce iskar ruwa daga kudu maso yamma take. Mu kuwa tun kakanni in za a duba hadari gabas ake kallo. Hadarin yamma ko yaro ba ya kwashe shanya dominsa. Ga duwatsun Jos nan kusa da mu, da la'asar sai ka ga hadari ya haɗu a kan Shere baƙi ƙirin, ana walƙiya ana tsawa, mu muna tsaye a gona muna kallo, sai ya juya mana baya ya yi yamma. To in dutse tare hanya yake, ta wane gefen yake tarewa? Ko littafinku na mutanen bakin teku ne kawai?

Maman Ummi Kafanchan:
Baba ya yi tambaya! Malam, yau sai ka sha ruwa kafin ka amsa.

Malam Mai Taswira:
Ranka ya daɗe Baba, abin da idonka ya gani daidai ne, kuma bayanin da na yi a sama bai isa ya amsa shi ba, don a ƙasarmu dutse aiki biyu yake yi.

Iska a samanmu hawa-hawa ce. Ta ƙasa, wadda ke kaɗa ganyen dawa da safe, ita ce ta kudu maso yamma, ita ke kawo laima. Amma a samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma duk damina. Laimar daga ta ƙasa take, amma in hadari ya yi tsawo ya kai ga ta sama, ita ke kora shi. Shi ya sa kayan ruwan daga kudu suke zuwa, ruwan kuma ya zo muku daga gabas.

Aikin dutse na biyu shi ne tayar da hadarin. Rana na dukan saman tudu tun hantsi, dutsen ya yi zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi a wannan tsayin. Sai iska ta riƙa hawowa ta kowane gangare tana haɗuwa a sama. Zuwa azahar gajimare ya fara tsayawa, zuwa la'asar ya zama hadari. Da ya girma sai iskar sama ta ɗauke shi ta yi yamma da shi, wajen Saminaka, Kauru, Kaciya, Kaduna. Ku da ke gabas da arewa maso gabas da tudun, a gabanku aka haife shi amma ba naku ba ne. Naku sai wanda ya taso daga can gabas da ku.

Waɗannan manyan hadura kan jeru su yi layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna gudun kilomita 50 ko fiye a awa, da iska da ƙura a gabansu. Masu bin su da tauraron ɗan'adam sun ga wuraren da suka fi tasowa: tsaunukan Habasha, Jabal Marra na Darfur, tuddan Kamaru da Adamawa, Filaton Jos, da duwatsun Abzin. Wato mai gero a Katsina ko Maraɗi, wanda bai taɓa ganin babban dutse ba, ruwan da ya jiƙa masa gona da daddare yana iya yiwuwa a kan wani tudu mai nisa aka ɗaura shi da rana.

Baba na Toro:
To yanzu ka yi magana. Allah ya yi albarka. Ashe ba ƙyashi duwatsun ke mana ba.

Na Agadas:
Wanga zance na Malam mu mun san shi a jikinmu. Agadas ruwanta a shekara bai kai milimita 200 ba. Amma dutsen Bagzan ya haura mita 2,000, yana samun abin da ya fi namu, shi ya sa a Timiya ake lambun lemu da rumman a tsakiyar hamada. Da marece kana ganin hadari bisa duwatsu, ya kama hanyar yamma. Mutanen Yamai kuwa ruwansu ya fi zuwa da asuba ko da sassafe, don hadarin da ya tashi nan da yamma kwana yake yana tafiya.

Ustazun Zaure:
Jama'a ina dai tunatarwa. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda ya so. Kada lissafi ya sa mu manta, har a wayi gari ana ganin roƙon ruwa ba shi da amfani.

Malam Mai Taswira:
Ustaz, babu saɓani. Wanda ya saukar da ruwan Shi ya kafa dutsen, Shi ya kora iskar, kuma Alƙur'ani da kansa ya ambaci iska mai tayar da girgije. Sababi muke dubawa, yadda manomi ke duba irin da zai shuka bayan ya yi addu'a.

Ustazun Zaure:
Madalla. A ci gaba, ina saurare.

Maman Ummi Kafanchan:
Mu da ke gindin tudun ta kudu maso yamma, ina ga duka biyun muke sha. Iskar ƙasa ta daki duwatsun Kagoro ta zubo mana, hadarin da ya taso daga saman Filato shi ma ta kanmu yake bi. Shi ya sa citta ke yi a ƙasarmu, ga doya, ga gwaza. A watan Agusta in marka ta kama, dutsen Kagoro ɓacewa yake gaba ɗaya, sai ka rantse babu shi. Itacen girki sai an jera shi a bayan murhu ya sha hayaƙi kafin ya kama, gishiri ya narke a roba, ashana ta ƙi tashi. 'Yar'uwata da ke aure a Bauci in na kira ta ina kukan laima, dariya take min, wai su rana suke gani.

Sarkin Musu:
Hajiya, a yi haƙuri, wannan ba hujja ba ce. Bauci ta fi Kafanchan arewa, kowa kuma ya san ruwa raguwa yake in ana yin arewa. Ko babu dutse haka za a gani.

Malam Mai Taswira:
A nan kana da rabin gaskiya, raguwar arewa tana nan, ba duk bambanci za a ɗora wa dutse ba. Amma gwada garuruwan da wannan ƙa'ida ta kasa bayyanawa. Kaduna ta ɗan fi Bauci arewa, amma tana samun wajen milimita 1,200, Bauci wajen 1,000 ko sama kaɗan. Ɗaya na yamma da tudun, ɗaya na gabas. Ka ɗauki Yola kuma. Ta fi Jos kudu, ya kamata a ce ta fi ta ruwa. Amma Jos, a tsayin mita 1,200 da ɗoriya, tana samun 1,300 zuwa 1,400, Yola kuwa da ƙyar take taɓa 1,000. Yola a cikin kwarin Binuwai take, ƙasa sosai, tuddan Mambila da Adamawa sun tsaya mata ta kudu. Iskar da ke iso ta gangarowa take, shi ya sa ga zafi ga ƙarancin ruwa. A Kamaru ma haka: Ngaundere a kan tudu wajen 1,500, Garwa a kwari wajen 1,000.

Sarkin Musu:
Ta Yola ta shige ni. Ta Kaduna da Bauci dai ina nan kan bakana, ratar ba ta da yawa.

Direban Gembu:
Ku bar musu ku zo ku hau motata. Daga Serti zuwa Mayo Selbe gumi kake, gilashi a sauke. Da ka fara hawan nan mai lanƙwasa, kafin ka kai Maisamari fasinja sun fara laluben rigar sanyi. Sau da yawa a tsakiyar hawan kake shiga cikin gajimaren da kansa, ba ka ganin motar gabanka sai dai ka yi ta hon a kowace kwana. Ka ɓullo sama wajen Nguroje sai ka ga gajimaren a ƙarƙashinka. Ruwa a Mambila yakan fara tun Maris ko Afrilu, ya kai Oktoba, shi ya sa ganyen shayi ke yi a Kakara, shanu kuma ba sa rasa ciyawa. Cappal Waddi ma, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana wannan yankin. Abin da muke tsoro mu direbobi shi ne bayan ruwan kwana da kwanaki, sai gefen dutse ya saki, jar ƙasa da itatuwa su rufe hanya. Ka kwana a layi da buhunan dankali da ayaba, kana jiran a zo a kwashe.

Maman Ummi Kafanchan:
Wannan zaftarewar ita ce abin tsoro wallahi. Har yau ina tuna hotunan Saliyo.

Malam Mai Taswira:
Ranar 14 ga Agustan 2017 ke nan, a Firitawun. Birnin a jikin duwatsu yake, suna fuskantar teku kai tsaye, irin zaman Debunca. Bayan ruwan kwanaki, da sassafe gefen dutsen Shuga Lof ya ɓalle ya rufto kan unguwar Rijent, mutum sama da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. An sare dajin gangaren, an yanka jikin dutsen an yi gidaje. A Bafusam ta Kamaru ma an yi irin haka a Oktoban 2019. Ruwan da ke kashe mutane a jikin dutse sau da yawa ba mai tsawa ba ne, mai nacin nan ne da ke cika ƙasa har ta yi nauyi ta rabu da dutsen da ke ƙarƙashinta.

Na Agadas:
Mu namu haɗarin daban ne. Sama tas, rana na haskawa, ko ɗigo bai sauka a kanka ba, sai ka ji ruri daga nesa. Ruwan da ya zuba bisa duwatsu ne ya biyo kori, wato busasshen rafi, da itace da duwatsu a gabansa. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka gangarowa yake lokaci guda. A farkon Satumban 2009 haka ruwan korin Telwa ya shigo Agadas ya rushe gidaje masu yawa. Shi ya sa makiyayi ba ya kwana cikin kori da damina, komai laushin yashin da inuwar da ke ciki. Baƙo ne ke yin wannan.

Ɗan Rikkos:
Mu ma a Jos mun gani a Yulin 2012. Ruwa ya sauka a sama wajen Lamingo, da daddare rafi ya cika ya shigo Rikkos da Gangare, aka rasa rayuka. Yawancin gidajen da suka tafi a bakin rafin suke.

Sarkin Musu:
Allah ya jiƙansu. To Malam ga wata. Kullum ana ce mana a dasa itace don ruwa ya ƙaru. In dutse da iska ne ke yin aikin, ashe ko an aske dutsen ƙwal ruwan zai zo. Me ya rage wa itace?

Ɗalibar Pune:
Yaya, bari in riga Malam. Cerafunji da duk ruwan nan nata, saman tudun yawancinsa ciyawa ce da dutse, ƙasar ta wanke. In rani ya yi, daga Disamba zuwa Fabrairu, mutanen garin wahalar ruwan sha suke, ana tafiya da nisa a ɗebo. Ruwan yana zuwa, amma ba ya zama. Cikin 'yan awanni ya gangara Bangaladash, ya zama ambaliya a yankin Silet, kamar yadda aka gani a Yunin 2022.

Malam Mai Taswira:
Ta gama magana. A dutsen da ke fuskantar teku, ko an sare daji ruwan sama ba zai fasa zuwa ba. Abin da ke canjawa shi ne inda yake zuwa bayan ya sauka. Saiwa da ruɓaɓɓen ganye su ke tsayar da shi ya nutse, ya riƙa fitowa a idon ruwa har cikin rani. Dajin saman dutse ma yana tatsar hazo da ganyensa, ya ɗiga ƙasa ko ba a yi ruwa ba. A cikin ƙasa nesa da teku kuwa, irin namu, tururin da itatuwa da ciyayi ke fitarwa yana cikin abin da hadari na gaba ke samu, don haka a nan sarewar tana iya taɓa ruwan kansa.

Kuma abin ya shafi wanda bai taɓa taka Filato ba. Kogin Kaduna daga can ya taso, haka Gongola, haka Dilimi da ke ratsa Jos ya je ya zama kogin Jama'are, ya shayar da fadamun Haɗeja da Nguru. Mai shinkafa a can ƙasa da abin da ya sauka a kan tudun yake noma.

Baba na Toro:
Wannan kam mun gani. Rafin bayan garinmu da can har bazara ana samun ruwa in an tona yashi kaɗan. Tun da masu gawayi suka gama da itatuwan gangaren, da damina ya zo da hauka ya ci gonakin bakinsa, kaka na wucewa ya ƙafe.

Ɗan Jimeta:
Tunda an zo nan, ni ma ga tawa. Binuwai daga tuddan Adamawa na Kamaru ya taso, ya bi ta dam ɗin Lagdo kafin ya iso mu. A 2012 da 2022 ruwa ya ci mu, kowa na cewa Kamaru ce ta sako. Alhaji na Duwala, ku ne kuke buɗe mana ko kuwa ruwan duwatsun ne ya fi ƙarfin dam ɗin?

Ɗan Duwala:
Kai ɗan'uwa, ni goro da atamfa nake sayarwa, ba ni da makullin Lagdo. Amma ka tuna kogin Faro a ƙasan dam ɗin yake shiga Binuwai, Taraba da Donga da Katsina Ala kuma daga tuddan kan iyaka suke gangarowa, babu wanda ya bi ta Lagdo a cikinsu.

Ɗan Jimeta:
Taraba da Donga ai a ƙasanmu suke shiga, ba su suka ci Jimeta ba. A bar maganar a kan Faro da Lagdo.

Mai Kula da Zaure:
Ku dakata haka nan, wannan muhawara ce mai zaman kanta kuma na san za ta yi zafi. Ɗan Jimeta, ka buɗe mata sabon shafi gobe bayan isha'i. Malam, a taimaka a zo da taswirar kogin da rassansa, a ga wanne ya shiga ta ina.